Alherin Allah Ba Kayan Kasuwa Ba Ne

 Maganata ga dukan masu karatu ce, iyaye da malamai da ɗalibai, amma musamman ga 'yan aji shida waɗanda ke shirin ɗaure akwatunansu su koma gida, wasu Riruwai, wasu Burji, wasu Tudun Wada, wasu Kiru ko Bebeji, wasu kuma su zarce birni neman ƙarin ilimi.

Akwai kalmomi uku da da wuya a tashi sujadar safe ba a ambace su ba, wato bangaskiya da alheri da ceto. Ko ɗan aji ɗaya ka tsayar ka tambaye shi yadda ake samun ceto, zai amsa maka ba tare da ya yi tunani ba cewa kyautar Allah ce, ya kuma kawo maka Afisawa 2:8-9. Amsar daidai ce. Amma ra'ayina shi ne, da yawa daga cikinmu da baki muke cewa kyauta, a zuci kuwa ciniki muke yi. Cinikin nan iri biyu ne. Na farko, muna so mu sayi tagomashin Allah da ayyukanmu. Na biyu, abin da muka samu kyauta daga wurinsa muna sayar wa maƙwabcinmu da tsada. Duk wanda ya gane alheri da gaske, dole ya bar kasuwannin nan biyu.

Cinikin farko

Ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya ɗauka cewa kome da farashinsa. Tun daga firamare haka aka rene shi. Ka yi karatu ka ci jarrabawa, ka yi wasa ka faɗi. Maki ake ƙirgawa, mai na ɗaya ake kira gaban jama'a ranar ba da kyaututtuka. A gona ma haka ne, ɗan ƙodago gwargwadon kunyoyin da ya yi ake biyansa. Wannan tsari daidai ne a aji da gona. Kuskuren shi ne a ɗauko shi a kai gaban Allah, mutum ya riƙa lissafi a zuciyarsa: na yi baftisma, ba na fashin sujada, ina cikin mawaƙa, na fitar da ushiri, saboda haka Allah yana riƙe da bashina.

Ubangiji Yesu ya ba da wani misali a Matiyu sura 20 wanda kowane ɗan ƙasar nan zai gane, domin maganar ƙodago ce. Wani mai gona ya fita da sassafe ya ɗauki ma'aikata, suka shirya a kan dinari ɗaya, wato ladan yini guda. Da hantsi ya ƙaro wasu, da tsakar rana wasu, da la'asar wasu, har saura sa'a ɗaya a tashi ya ɗebo waɗanda suka yini a tsaye ba wanda ya ɗauke su. Da aka zo biya sai ya ba kowa dinari ɗaya. Waɗanda suka sha rana suka yi gunaguni. Mu ma in muka faɗi gaskiya, da muna cikinsu sai mun yi. Amma a lura, ba wanda aka tauye wa ko anini. Abin da ya ɓata musu rai shi ne alherin da aka yi wa wani. Mutumin nan na ƙarshe yana da iyali da za su ci tuwo a daren, mai gona kuwa bukatarsa ya duba, ba gumin da ya zubar ba. To, a gaban Allah dukanmu 'yan sa'ar ƙarshe ne.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane har wasu na zaton aya ce, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Magana ce mai kyau ga ragon da ke barci bayan shuka ta sauka, ko ɗalibin da bai buɗe littafi ba yana jiran mu'ujiza a ɗakin jarrabawa. Amma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma a batun ceto ba ta da wurin zama. Manzo Bulus a farkon Afisawa sura 2 bai kwatanta mu da marasa lafiya masu ɗan sauran ƙarfi ba, da matattu ya kwatanta mu. Matacce ba ya tashi domin a taimake shi. Sai an tashe shi.

To, ina matsayin bangaskiya? Mu dubi madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. An kashe dukiya, injiniyoyi da leburori sun yi aiki, amma duk cikinsu ba wanda ya ƙera ko ɗigon ruwa ɗaya. Ruwan daga sama yake zuba a kan duwatsu da dazuzzukan kudu, ya bi Kogin Kano ta dajin Falgore ya taru a can. Manomin rani a Kadawa da ke noman shinkafa da tumatir, abin da ke gare shi kawai shi ne ya buɗe hanya ruwa ya shiga gonarsa. Hanyar ba ita ce ruwan ba, amma in ta toshe shuka ta bushe. Alheri shi ne ruwan, bangaskiya ita ce hanyar. Saboda haka ko bangaskiyar ma ba abin yin taƙama ba ce, kamar yadda ba a taɓa jin lambatu yana yabon kansa a kan yawan amfanin gona ba.

Wannan gardama tsohuwa ce a cikin ikkilisiya. A shekarar 1517, a garin Witenbag na ƙasar Jamus, Martin Luther ya fito da batutuwa 95 yana ƙin yadda ake sayar wa talakawa takardun sassaucin hukuncin zunubi da kuɗi. Rabuwar da ta biyo baya ta daɗe ƙwarai. Amma a ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan ikkilisiyar Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa guda, inda suka yarda cewa ta wurin alheri ne Allah ke karɓar mutum, ba domin cancantarsa ba, kyawawan ayyuka kuwa daga baya suke biyowa. Abin baƙin ciki shi ne, cinikin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Yau akwai masu wa'azi a rediyo da talabijin da wayar hannu da ke cewa ka shuka kuɗi kaza ka girbi mota, ka ba da baiko kaza ciwonka ya tafi. Ku 'yan aji shida za ku gamu da su a birni. In wannan koyarwa gaskiya ce, to matalauci da majinyaci su ne marasa bangaskiya. Tarihin bishara a ƙasarmu bai yarda da haka ba.

Abin da tarihinmu ya nuna

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen Hausa da maƙwabtansu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da ciwo. Biyun nan ba su ga ko ikkilisiya ɗaya an kafa ba. Sai a 1902 mishan ɗin SIM ta samu wurin zama na farko a Patigi, daga aikinta kuma ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Na kusa da mu ma ya fi wannan taɓa zuciya. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan Isa Almasihu har ya tara almajirai. An kashe shi saboda koyarwarsa, mabiyansa da ake kira Isawa suka warwatsu wajen Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya, suka ji bishara suka karɓa. Aka kafa musu gari a Gimi, da majami'a da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa garin, ya kwashe mutane da yawa, har ya zama dole sauran su tashi. Daga ragowar nan ne waɗansu suka zama ginshiƙan jama'ar Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Daga zuriyar Isawa ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Tambayata ga mai karatu ita ce, waɗanda aka binne a Gimi, bangaskiyarsu ce ta gaza? Ko baikonsu ne bai kai ba? In alheri ladan ƙodago ne, to an cuce su, domin ba su ga Wusasa ba, ba su ga Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakke a 1932 ba, ba su ga jikokinsu sun zama likitoci da malamai ba. Amma ba a cuce su ba. Abin da aka yi musu alkawari shi ne gafarar zunubi da rai madawwami da kasancewar Ubangiji tare da su har cikin ciwo, kuma ba ɗaya da ciwon barci ya iya ƙwacewa. Wanda ya san haka ba zai jefar da bangaskiyarsa ba ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ba yadda ya so ba, ko ranar da ya nemi aiki aka ba wani.

Ciniki na biyu

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin nan ne alheri ke sauka daga bagade ya shiga rumbu da kasuwa da ɗakin kwana. A Matiyu sura 18 akwai bawan da sarki ke bi talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan yini ne, wato bashin ya kai ladan yini miliyan 60, abin da ko zuriyarsa duka ba za ta iya biya ba. Ya roƙa, sarki ya yafe masa duka. Yana fita sai ya ci karo da ɗan'uwansa bawa da yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Duk wanda ya ji labarin nan sai ya ce tir. Amma bari mu duba ko bawan nan ba ya zaune a ƙauyukanmu.

Allah ya yi wa ƙasar Doguwa baiwar ruwan sama da ƙasa mai albarka fiye da yawancin sassan Jihar Kano. Masararmu tana cika motoci, Tudun Wada kuwa an san ta da shinkafa. Duk da haka kowa ya san yadda watan Agusta yake a gidan ƙaramin manomi. Rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, ga zazzaɓin damina, ga kuɗin taki, ga kuɗin makaranta na tafe. A irin wannan lokaci ne mai hali ke ba da buhu ɗaya da sharaɗin a biya shi biyu da kaka, ko ya sayi amfanin gona tun yana tsaye a kan kuɗin da shi kansa ya san zalunci ne. Da kaka ta yi, mai gona ya yi girbi amma rabin hatsin ba nasa ba ne, baɗi kuma tun kafin Agusta zai sake komawa roƙo. Haka gida ke nutsewa shekara bayan shekara har a kai ga jinginar da gona.

Ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba: Kiristan da ke yin wannan, ko da shi ne ya fi kowa kawo buhuna ranar godiyar kaka, bai gane alheri ba tukuna. Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana a ci kuɗin ruwa a kan ɗan'uwan da ya talauce, ya kuma ambaci abinci ƙarara, kada a ba shi domin neman ƙari. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Wanda ke bubbuga gindin mudu ya lotsa, da wadda ke zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a ƙasan buhu, da mai jiƙa hatsi domin ya yi nauyi, duk wannan doka ta shafe su. Maƙwabtanmu Musulmi su ma addininsu ya haramta cin kuɗin ruwa da tauye mudu, kuma sun san namu ya haramta. Saboda haka duk ranar da suka ga mai zuwa majami'a yana yi, wa'azin shekara guda ya rushe a yini ɗaya. A wurin da muke 'yan kaɗan, mudunmu shi ne littafin da aka fi karantawa.

Wani zai ce, to ɗan kasuwa kada ya ci riba ke nan? A'a. Wanda ya sayi masara da kaka, ya biya kuɗin buhu da magani da ajiya da mota, ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi, yana da hakkin ya ci ribarsa. Bambancin shi ne tsakanin cin ribar kasuwa da cin ribar yunwar maƙwabci. Kowa a zuciyarsa ya san inda iyakar take. Ina kuma ba dattawan ikkilisiyoyinmu da zumuntar mata shawara su yi tunani a kan hatsin godiyar kaka. Maimakon a sayar da shi duka nan take, a ware wani kashi a ajiye har damina, a ranta wa mabukata mudu da mudu ba ƙari, a yafe wa gwauruwa da maraya, kuma kada a tambayi mai yunwa addininsa kafin a auna masa. Matiyu 5:45 ya tuna mana cewa ruwan Allah ba ya tsallake gonar kowa. Kakanninmu da suka san gayya sun riga sun san rabin wannan darasi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ɗalibai su ce wannan maganar manya ce. Bawan nan marar tausayi yana kwana a ɗakunan kwananmu. Yaron da aka wahalar yana aji ɗaya, ya yi kuka ya yi addu'a Allah ya fisshe shi, shi ne yau ya zama babba yake sa ƙanana ɗiban ruwa da wanki, yana ƙwace musu gari da ƙuli-ƙuli, yana cewa ai mu ma haka aka yi mana. Wannan lissafin bashi ne, ba lissafin alheri ba. Haka wanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi amma yake ɓoye littafinsa kada wani ya kamo shi. Haka waɗanda suka yi faɗa tun zangon farko har yau ba sa gaisawa, amma suna cin jibin Ubangiji a layi ɗaya. Kafin ku fita ƙofar makarantar nan, akwai bashin da ya kamata ku yafe, akwai kuma wanda ya kamata ku biya.

Kyauta ba lasisin zunubi ba ce

Akwai masu cewa wannan koyarwa tana lalata mutane. In ceto kyauta ne, me zai hana ɗalibi ya saci amsa yau ya nemi gafara gobe? Tambayar ba sabuwa ba ce, Bulus ya amsa ta a farkon Romawa sura 6, Yakubu kuma a sura 2 ta wasiƙarsa ya nuna cewa bangaskiyar da ba ta haifar da aiki gawa ce. Aya ta 10 ta Afisawa 2, wadda muka cika tsallakewa bayan mun haddace ta 8 da ta 9, ta ce an yi mu ne domin kyawawan ayyuka. Abin lura shi ne jerin. A Luka sura 19, Yesu ya shiga gidan Zakka mai karɓar haraji tun bai mayar da ko kwabo ba. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe da kansa ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ba biyan ne ya jawo alherin ba, alherin ne ya jawo biyan. Ba 'ya'yan mangwaro ne ke ba itacen rai ba, amma itacen da ya shekara goma ba fure ba 'ya'ya, mai lambu yana da dalilin ya duba saiwarsa. Wanda ya shirya zunubi yana dogara ga gafarar gobe, ba alheri ya gane ba, wayo yake yi wa Allah, Allah kuwa ba a yi masa wayo.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da nake roƙonku ku tafi da shi tare da takardar shaidarku. Idan kun yi nasara, kada ku raina wanda ya faɗi, domin ba ku da abin da ba a ba ku ba. Idan kun faɗi, kada ku ce Allah ya juya muku baya, domin ƙaunarsa ba a kan makinku ta rataya ba. Idan wata rana kuka zama masu rumbu, ko masu shago, ko masu sa hannu a ofis, ku tuna da talanti 10,000 kafin ku kama wuyan mai dinari 100. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, amma mu ba domin ya dawo mana muke yinsa ba. Muna yinsa ne domin an riga an yi mana wanda ya fi shi.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba iyayenmu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma sa a gane mu ta wurin mudunmu kafin a ji waƙarmu. Amin.